Wanda zai yi miki ukulele, ya san hunturun Jos kuwa?

Tambaya: Ni malamar kiɗa ce a wata firamare a Jos. Shekara uku ke nan ina kaɗa wani ukulele (ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu) mai araha da na saya a Abuja, kuma ya ishe ni. Saiti ba ya zama, in na hau can saman wuyansa sai murya ta karkace. Na tara 'yan kuɗi ina so a yi mini nawa na hannu. Na ga wani mai yi a Legas a Instagram, yayata da ke Amurka kuma ta ce za ta nemo mini wani a can. Me zan gaya wa mai yin, wane katako zan zaɓa, kuma yaya zan yi kada kuɗina su tafi a banza?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina gyaran jita da danginta a garin nan, kuma rabin aikin da nake samu a shekara tsakanin Disamba da Fabrairu yake zuwa. A wani Janairu wani saurayi daga Bukuru ya kawo mini ukulele a naɗe cikin zane kamar jariri. Aikin hannu ne mai kyau, ba na rainawa, an yi masa shi a wani gari na bakin teku a tsakiyar damina. Ya ce cikin dare ya ji "tas!" a ɗaki, ya ɗauka tsirkiya ce ta tsinke. Da gari ya waye sai ya ga fuskar ce, wato allon gaba, ta tsage daga jaki, inda ake ɗaure tsirkiyoyi, har ƙasa. Bai yar da shi ba, bai zauna a kai ba, ba wanda ya taɓa shi. Iska ce kawai.

Katako ko ya shekara ɗari da sarewa bai daina shan ruwa daga iska yana mayarwa ba. In danshin iska yana kashi 45 cikin ɗari, ruwan da ke jikin katako yakan tsaya wajen kashi 8. In danshi ya kai 80, kamar yadda ma'aunin da ke rataye a shagona ke nunawa a Agusta, ruwan katako ya doshi 16. In kuwa hazo ya sauko danshi ya faɗi ƙasa da 20, abin da ba baƙo ba ne a nan da tsakar ranar Janairu, sai ya koma 4 ko 5. Katako ba ya raguwa a tsawo sai ɗan abin da ba a rasa ba, a faɗi yake tsukewa. Fuskar ukulele babba faɗinta wajen santimita 23 ne, kaurinta bai wuce milimita 2 ba, kuma an manne ta da gam ta kowane gefe, ga haƙarƙarin da aka gitta mata ta ciki. In aka rufe ta cikin laima sannan aka hau da ita tudun Jos, za ta nemi ta tsuke da milimita biyu ko uku, ba ta da wurin zuwa, sai ta tsage. In kuma a busasshiyar iska aka rufe ta, damina ta zo, kumbura kawai za ta yi, tsirkiya ta ɗan ɗaga sama, kaka ta yi ta koma. Kumburi yana warkewa da kansa, tsaga kuwa sai an kawo mini, kuma tabon ba ya ɓacewa.

Don haka tun kafin ku yi maganar kuɗi ko ado, ki tambaye shi: a wane danshi kake haɗa akwatin, wato jikin ukulelen? Ki ce ya ɗauko miki hoton ma'aunin danshin da ke ɗakin aikinsa. Masu wannan sana'a galibi suna riƙe ɗakin haɗi tsakanin 40 da 50, mu kuma da ke nan gara ya karkata zuwa 40. Mutumin Legas zai iya, amma sai in yana da rufaffen ɗaki da na'urar tsotse laima da ke aiki dare da rana, kin kuwa san halin wuta. In ya ce miki "ai katakona a bushe yake" bai ƙara komai ba, bai gane tambayar ba. Bushewar Legas daban, ta Jos daban. Na Amurka kuma mai yiwuwa yana da ma'auni da ɗaki, sai dai ki karanta takardar garantinsa da kyau, kusan dukkansu suna rubuta cewa tsagar da bushewar iska ta jawo ba ruwansu. Ki faɗa masa ƙarara cewa kayan zai zauna a inda danshi ke yawo daga ƙasa da 20 zuwa sama da 80 a shekara ɗaya. Mai hankali zai ɗan ƙara wa fuska kauri, ya zaɓi katakon da bai cika motsi ba. Ni da ba ni da na'urar, in zan rufe akwatin jita ina jira ne ruwa ya ɗauke, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya yi ƙarfi.

Sai katako. Duk wanda ya fara bincike a intanet zai ci karo da kowa, itacen da ake rubutawa koa, wanda a tsibiran Hawayi kaɗai yake fitowa. Yana da kyau, wani yana walƙiya kamar shadda, kuma yana da tsada ƙwarai. Amma ki san yadda aka yi ya zama itacen ukulele. A 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga tsibirin Madeira na Fotugal a Honolulu. Cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda suka san yadda ake yin ƙananan jitocin garinsu. Da suka kafa shago sai suka kama itacen da suka tarar a ƙasar. Kamfanin Kamaka da aka kafa a Honolulu a 1916 har yau da shi yake aiki. Kamfanin Martin na Fensilbaniya kuwa, da ya shiga harkar a wancan zamanin, mafi yawan nasa da mahogani ya yi, kuma har gobe ana neman tsofaffin nan ido rufe. Kowa da abin da hannunsa ya kai. Marigayi Ɗan Maraya a nan garin da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, irin wanda ake yi da gwangwanin kifi da fatar akuya.

Mu namu mahoganin shi ne maɗaci, da 'yan'uwansa na dazukan kudu waɗanda suka fi shi sauƙin nauyi. Masu yin jita a Turai da Amurka suna sayen dangin nan da kuɗi mai kauri. Ukulelen da aka yi gaba da baya da gefe duk da shi yana ba da murya mai ɗumi, ba mai tsini ba, wadda ke zama daidai a ƙarƙashin muryar mai waƙa. In da ni ne ke da shi zan tsaya. Allon da ake danna yatsu a kai, da jaki, suna son itace mai tauri da nauyi: madobiya ta isa, ita ce wadda 'yan kasuwa suka yi ta lodi zuwa Sin har aka saka ta cikin yarjejeniyar CITES ta kare itatuwa da dabbobi a 2017. Katakon mangwaro ma ana yi da shi, a Hawayi suna ji da shi saboda zanensa, amma ƙwaro na son sa, sai an duba da kyau. In kina son murya mai ƙarfi da za ta cika ɗaki, sai a sa fuskar sifurus ko sida, itatuwan ƙasashen sanyi, amma ki sani su ne suka fi saurin tsagewa a hannuna, musamman sida.

Sunan itacen ma ba shi ne babban abu ba, yadda aka yanka shi da yadda ya bushe su ne. Falankin da za ki gani a kasuwar Katako ko a Dei-Dei an yanka shi ne don rufi da ƙofa, sau da yawa ɗanye ne, in kin ɗora hannu za ki ji sanyinsa. Ƙa'idar da kafintoci suka gada ita ce kowane inci ɗaya na kauri shekara ɗaya a inuwa. Na kayan kiɗa kuma ana so a yanka shi daga ɓawo zuwa zuciya, yadda in kin kalli bakin falankin za ki ga jijiyoyin a tsaye, ba a kwance ba. Irin wannan yankan motsinsa ya yi ƙasa sosai da na yankan kasuwa. Mafi kyawun mahoganin da na taɓa aiki da shi daga wani tsohon kabad ya fito, na zamanin kamfanonin kuza, wanda aka sayar a matsayin tarkace. Ya ga hunturu fiye da hamsin, ya bushe iya bushewa. In kina da irin wannan a gidanku, tsohon tebur ko gadon kaka, ki nuna wa mai yin kafin a kai shi murhu.

Girma huɗu ne aka sani, kuma ana auna su da tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa: sofarano santimita 33, kwansat 38, teno 43, baritan wajen 50. Ukun farko saitinsu ɗaya, G C E A, wato so do mi la a bakin 'yan kwaya. Baritan saitin tsirkiyoyi huɗu mafi siranta na jita yake ɗauka, D G B E, ki bar shi tunda da yara kike aiki kuma littattafansu na wancan saitin ne. Wanda kika saya a Abuja ina kyautata zaton sofarano ne. Ga mai koyarwa, kwansat ko teno. Kada ki zaɓa daga hoto, ki nemi wanda yake da su ki riƙe kowanne na minti goma. Akwai kuma zancen tsirkiyar G: ta asali siririya ce mai murya sama, ita ke ba ukulele ɗan tsallen nan nasa, wasu suna sa mai kauri mai murya ƙasa don su samu ƙarin sauti biyar a ƙasa, abin da ke taimakon mai kaɗa waƙoƙin coci da yatsu. Ki yanke shawara tun yanzu, domin ramin da tsirkiyar ke kwanciya a ciki a saman wuya gwargwadon kaurinta ake yanka shi.

A wuya ne kuɗinki zai fi yi miki aiki, don shi ne abin da kanti ba ya ba ki zaɓi a kai. Faɗinsa a sama yawanci milimita 35 ne, wasu 38. Milimita uku kamar wasa, amma mai kaurin yatsu ya san bambancin. Ki auna na hannunki da rula, ki gaya masa ko ya yi miki ƙunci ko ya yi faɗi, ko bayansa ya cika miki tafi. Tsayin tsirkiya daga kan ƙarfe na 12, cikin ƙarafan nan da aka gitta a wuya, ya kasance tsakanin milimita 2.5 da 3. Ki rubuta wannan lambar cikin yarjejeniya.

Karkacewar murya da kika yi kuka da ita lissafi ne, ba sa'a ba. Ana raba tsawon tsirkiya da 17.817 a sami wurin ƙarfe na farko, a sake raba abin da ya rage a sami na biyu, haka har ƙarshe, kuma na 12 ya faɗo daidai tsakiya. Sannan a ja ƙashin jaki baya da milimita biyu ko kusa da haka, domin danna tsirkiya yana ƙara mata ɗauri. A gajeren wuya irin na ukulele, kuskuren rabin milimita kunne yana kama shi. Nan ne ake bambance kafinta da mai yin kayan kiɗa. Na ga kafintoci masu hannu, waɗanda za su yi miki akwatin da za ki ga fuskarki a jiki, amma ba sa kiɗa, sun kwafi wuraren ƙarafan daga hoto. Abin ya yi kyau a bango. Don haka ki ce ya turo miki bidiyon wani da ya gama, da na'urar saiti maƙale a kai, ya kaɗa kowace tsirkiya a sake, sannan ya danna ta a ƙarfe na 12. Allurar ta tsaya wuri ɗaya ko dab da haka. Kada ki karɓi bidiyon da aka sa wa kiɗa a baya ko aka yi wa kwalliyar situdiyo. Waya a kan benci ta isa. Ki kuma nemi ya haɗa ki da mutum biyu da suka karɓi aikinsa aƙalla shekara biyu da suka wuce, in son samu ne wanda ke zaune a Arewa. Sabon kaya kowa na yabonsa, wanda ya ci hunturu biyu shi ake tambaya.

Rashin zaman saiti kuwa, ki duba kafin ki zargi kayan gaba ɗaya. Sabuwar tsirkiyar roba takan yi mako ɗaya ko biyu tana miƙewa. In kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya irin masu fitowa ta baya ne marasa giya, akwai ɗan sukuru a ƙarshen kowanne, ki ɗan ɗaure shi. A sabon, ki nemi kunnuwa masu giya na Gotoh ko Grover. Ƙashin jaki da na saman wuya su zama ƙashin saniya, ba roba ba. Wannan kam ba sai an yi odarsa ba, mahauta na zubar da shi kullum, dafawa da bushewa kawai yake so. Tsirkiya ki gwada Aquila na Italiya da irin filorokabon, wanda asalinsa zaren kamun kifi ne, ki ji wadda kunnenki ya fi so. Wannan abu ne na canzawa, ba a ɓata dare a kansa. In za ki riƙa kaɗawa a coci ko taron makaranta ta amfilifaya, a sa na'urar ɗaukar sauti tun ana haɗawa, ya fi a zo ana huda gamammen kaya daga baya. Fenti kuma ya zama siriri. Mutanenmu suna son ƙyalli, amma fenti mai kauri irin na kujerun falo yana danne fuskar da duk ƙarfin tsirkiyoyin da ke motsa ta bai kai kilo 20 ba, alhali jita mai tsirkiyar ƙarfe tana da wajen 70.

Ado na bar miki. Sunanki a wuya, dagi a kai, zobe a bakin rami, duk suna da kyau kuma ba sa ƙara murya ko ɗis. Abu ɗaya dai: kayan da aka rubuta wa suna ba ya sayuwa in wata rana kin so canzawa. In kuma daga waje zai zo, ki ce ba kya son hauren giwa, ko ɓawon kunkuru, ko itacen roswud na Barazil, wanda aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992. Sauran dangin roswud an sassauta wa gamammun kayan kiɗa tun 2019. Adon ɓawon kifin teku ma yana jawo cike-ciken takardu kafin ya fita daga Amurka, wasu masu yi saboda shi suke ƙin aikawa waje.

Kuɗi. A Amurka da wuya ki sami mai zaman kansa da ya san aikinsa ya yi miki a ƙasa da dala dubu, da yawa sun ninka haka sau biyu ko uku, kuma layin jira daga watanni ne zuwa shekaru. Ki ɗora kuɗin akwatin ajiya mai tauri, da na jirgi, da na kwastan. In yayarki za ta riƙo shi a hannu ta shigo da shi cikin jirgi, ya fi aike nesa ba kusa ba. Na gida zai fi sauƙi, amma kada ki sa ran arahar kasuwa: kunnuwa da ƙarafa da tsirkiya da dala ya saye su, aikin kuma makonni ne. Wanda ya ce zai gama miki cikin kwana biyar, fentin ma bai bushe ba. Ni shawarata a raba biya uku: kafin alƙalami don ya sayi kaya, kashi na biyu in ya rufe akwati ya turo hoto, na ƙarshe bayan kin riƙe shi a hannu. Kafin alƙalami galibi ba ya dawowa in ke kika fasa, wannan adalci ne, ya riga ya yanka katako da sunanki. Amma a rubuta abin da zai faru in shi ya saɓa lokaci da wata uku, da kwana nawa kike da su na gwaji, da wanda zai biya kuɗin mota in an mayar don gyara. Ko a WhatsApp ne ya wadatar, in dai saƙo ɗaya ne da ya tattara girma da katako da awo da farashi da rana, ya amsa da "na yarda". Ki kuma bar shi ya yi aiki. Hoto a kowane mataki ya isa; mai kira kullum da sabon ra'ayi shi ke karɓar kaya a makare, kuma ba a ƙara wa wuyan da aka riga aka fere faɗi.

Ranar da ya iso, ki bar shi cikin akwatinsa rabin yini kafin ki buɗe, musamman in ya hawo daga zafin Abuja ta Hawan Kibo. Sannan ki shafa yatsa a gefen wuya ki ji ko bakin ƙarafa na karce ki, ki gwada tura takarda ƙarƙashin jaki, kada ta shiga, ki danna kowane gida, wato tsakanin ƙarafa, a kowace tsirkiya ki saurari zuza, ki leƙa ciki da fitilar waya ki ga ko aikin ciki ya yi tsabta kamar na waje. Daga Nuwamba zuwa Maris gidansa akwati, ba bango ba. Ki sami gidan sabulu na roba ki huhhuda murfin, ki sa soso mai laima wanda ba ya ɗiga, ki ajiye a akwatin kusa da kai, ki jiƙa shi duk kwana biyu ko uku. Ki sa ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, ki riƙe shi sama da 40. Da damina ki cire soson, in ba haka ba fumfuna za ta yi miki sallama. Kada ki bar shi a mota a rana, gam yana saki da zafi.

Tsohon nan kuma kada ki yar. Mai araha filawud ne, ɓawo-ɓawo a gicciye, hunturu ba ya iya masa komai, kuma shi ya dace da aji mai yara talatin da kowa ke son ya taɓa. Ki kai wa mai gyaran jita ya rage masa tsayin ƙashi, ya duba wurin jaki, ya sa masa sabuwar tsirkiya. Aikin awa ɗaya ne, kuma ki yi shi kafin ki tura wa kowa kafin alƙalami, don abin da ya rage yana damun ki bayan gyaran shi za ki rubuta wa mai yin sabon.